Ruwan Da Ban Duba Ba

Na san abin da aka gaya muku, domin ni ma ya sha dawowa kunnena. A Agege, in aka ambaci Haladu na filin jirgi, sai wani ya rage murya ya ce ai shi ne wanda aka kora kan maganar mai. Ke Hadiza har ɗankwalin wata kin taɓa yagawa a Islamiyya don ta kira ki 'yar ɓarawo, kika dawo gida da kumburarren leɓe, na kuma rufe ki da faɗa, alhali ni ya kamata a yi wa faɗan. To yau tsufa ya kama ni, uwarku Tabawa da ta riƙe min maganar nan ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta, ni kaɗai na rage da sanin maganar a cikin gidan nan. Ban saci ko cokali ɗaya na mai ba. Abin da na yi ya fi sata nauyi, shi ya sa na bar sunan satar ya zauna a kaina.

Da gadi na fara a wani ƙaramin kamfani a Ikeja, mai ƙananan jirage guda uku, irin masu farfela ɗaya a hanci da kujera huɗu a ciki. Ba zan faɗi sunansa ba, ya daɗe da rufewa, kuma ba su cuce ni ba. Daga gadi aka ga ina da tsabta aka ba ni wankin jirage, daga wanki na koma turawa da ɗaurewa, har aka yarda da ni a kan zuba mai. A cikin aikin nan duka akwai guda ɗaya da ba ya cin minti biyu, amma ran mutane yana kansa. Tankin man jirgi a cikin fiffike yake. In aka yi ruwan sama, ko raɓa ta yi yawa, ruwa kan sami hanya ta bakin murfi ya shiga, kuma da yake ya fi mai nauyi sai ya kwanta a ƙasa ya yi lamo. Don haka kowace safiya ake durƙusawa ƙarƙashin fiffike da wata 'yar kwalba mai tsinke a baki, a danna wani ɗan rami, mai ya tsiyayo, a ɗaga kwalbar a duba a haske. Man jirgi shuɗi-shuɗi ne. In akwai ruwa za ka gan shi fari tas a gindin kwalbar, sai ka yi ta tsiyayewa har ya ƙare. Shekara tara ina wannan durƙuson, har gwiwar wandona ta fi ko'ina saurin mutuwa.

Matuƙin da na fi aiki da shi Kyaftin Bulus ne, mutumin Filato, gajere, mai furfura a gemu kaɗai, wanda ban taɓa ganin ya yi sauri ba ko da kuwa ana kiransa a waya. Hausarsa irin ta can ce, mace ma "ya zo" yake ce mata, ni kuwa ba na barin ta wuce sai na gyara masa, shi kuma ya rama da cewa Bakatsine irina ba ya iya gaisuwa ƙasa da rabin awa. Ya gano ni ɗan manomi ne, ina karanta hadari, sai ya mai da ni abin tsokana. Kullum in ya iso da jakarsa, tambaya biyu yake min. Ya nuna sama da haɓa ya ce, "Malam Haladu, akwai ruwa?" in faɗi abin da na gani. Sannan ya nuna fiffike ya sake cewa, "A nan fa, akwai ruwa?" in ɗaga masa kwalba. Yakan ce ya fi yarda da hancina a kan takardar masu duba yanayi, kuma wallahi sau da yawa ni nake cin su.

Shekara tara ina tura jirgi ban taɓa shiga ya tashi da ni ba. Ya sha yi min alkawari, har na daina sa rai. Sai wata Laraba cikin damina, bayan an kwana biyu ana zabga ruwa, ya ce gobe zai kai wata likitar dabbobi Ilorin su dawo da yamma, akwai kujera, in shirya. Na dawo gida ina tafiya kamar an ba ni sarauta. Uwarku ta fito da farar shaddata ta Sallah, ta sa mata sitati, ta goge ta har tana iya tsayuwa da kanta.

"Malam, ka dai yi a hankali da ita," in ji ta. "Kar ka dawo min da ita tana warin kananzir ɗin nan naku."

"Ba kananzir ba ne, man jirgi ne."

"Duk wanki ɗaya ne a wurina."

Na gaya mata ƙarfe nawa za mu tashi, na ce ta fito da ku tsakar gida, domin in jirgi ya taso ta wannan ɓangaren ta kan unguwarmu yake bi. Na ce zan ɗaga muku hannu. Ta ce in na ga tukunyarta daga sama in duba mata ko wake ya nuna.

Da safe gari ya waye tas, sama kamar an wanke ta. Na isa cikin shaddata, abokan aiki suna ta "Oga Haladu, sai Makka!" Jirgin ya kwana biyu a waje cikin ruwan nan, ƙarƙashin fiffikensa duk taɓo ne da ɗigon baƙin mai. Na tsaya ina kallon wurin durƙuson, ina kallon rigata. Na ce bari in nemi buhu in shimfiɗa. Ina cikin neman buhun sai ga Kyaftin da likitar, wata Bayarabiya mai yawan dariya, sun makara, ana ta yi musu magana daga hasumiyar masu ba jirage izinin tashi. Ya jefa jakarsa ciki, ya waiwayo, bai nuna sama ba, bai nuna fiffike ba, ya yi tambaya ɗaya tak.

"Malam Haladu, ba ruwa, ko?"

Na ɗaga kai na dubi sama.

"Ba ruwa, Kyaftin. Ko ɗigo."

Ku saurara da kyau, domin nan ne wurin da na yi shekaru ina yi wa kaina kwaskwarima. Gaskiya ne sama na duba, kuma a kan sama na amsa. Amma kafin bakina ya rufe, zuciyata ta ce min: kai, kwalba yake nufi. Na ji ta sarai. Kwalbar tana cikin aljihun rigar aikina da na rataye a ƙusa, taku goma daga inda nake. Na ce a raina jiya ma ai ba a samu komai a ɗayan jirgin ba. Na tattare shaddata na shiga na zauna kusa da shi, likitar tana baya.

Ba zan iya kwatanta muku tashin nan ba. Jirgin ya yi ta gudu yana karkarwa, sai kawai karkarwar ta ɗauke, ƙasa ta sake mu. Na ga rumfar jiragenmu da na yi shekara tara ina sharewa ta koma kamar akwatin ashana. Na ga titin mota, na ga layin dogo ya miƙe, na ga rufin kwano ja da tsatsa har iyakar gani, ban taɓa sanin Agege tana da yawa haka ba. Na ce Allahu Akbar a fili, Kyaftin ya yi murmushi. Ina neman koren rufin masallacin layinmu, sai injin ya yi tari. Ya sake yi. Ya kama kamar zai ci gaba, ya yi wata 'yar shaƙuwa, sai ya yi tsit.

Duk wanda ya zauna a Agege ya san al'adarmu da ba wanda ya koya mana. In jirgi ya taso, kowa dakatawa yake da magana, mai ciniki da kalma a bakinsa, mai faɗa da zagi a bakinsa, sai ƙarar ta wuce a ɗora daga inda aka tsaya. Uwarku ta gaya min daga baya cewa a ranar duk layin an dakata kamar kullum, ana jiran ƙara ta wuce, sai ƙarar ta yanke a tsakiya. Ta ce ba wanda ya ɗora maganarsa. Mutane suka tsaya baki buɗe, suna kallon jirgi yana tafiya a sama ba sauti, ku kuma kuna ta tsalle kuna ɗaga hannu kuna kiran Baba.

A ciki kuwa, abin da na gani shi ne ya sa har gobe in aka ce namiji, fuskar mutumin nan nake gani. Jikina duka yana cewa a ja sama, a ja sama, ƙasa ce abin tsoro. Shi kuwa sai ya tura sitiyarin gaba. Da hannunsa ya dunƙufar da hancin jirgin ya fuskanci rufin mutane. Na waiwaya, ga titin jirgi can bayanmu, fili fetal, ba kowa a kai, kamar in miƙa hannu in taɓa. Likitar ta gan shi ita ma, ta kama kafaɗarsa tana ihu da Turanci da Yarabanci ya juya, ya juya. Ni ma na sa baki.

"Kyaftin, ga fili can a baya! Ka koma!"

"Ba za mu koma ba," in ji shi, kamar mai cewa shayi ya huce. "Malam Haladu, ka ja bel naka da ƙarfi. Ka buɗe ƙofa kaɗan, ka riƙe shi. Ka yi addu'a naka, ni ina aiki."

Hannunsa na dama yana ta zagaya maɓallai, ya murɗa wannan, ya rufe wancan, ya yi magana a rediyo gajeriya, idonsa bai bar gaba ba. Na zare sakatar ƙofa kamar yadda ya ce, don kar ta maƙale in mun bugu. Da ƙofar ta buɗe kaɗan sai garin ya shigo mana. Wallahi na ji Agege daga sama. Na ji hon ɗin danfo, motocin hayar nan, na ji injin markaɗe, na ji wani yana buga ƙarfe, na ji zakara. Muna saukowa a hankali, iska tana shuu a jikin fiffike, abu mai nauyin mota yana tafiya a kan iska ba abin da ke riƙe da shi sai ikon Allah da hannun wani gajeren mutum daga Filato. Tsoro ya cika ni har wuya, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu da ban san sunansa ba, irin abin da na ji ranar da na fara ganin teku. Na yi kalmar shahada. Na ga wata mata a kan bene da bokitin shanya, ta bi mu da ido, har launin zanenta na gani.

Gabanmu kaɗan ta hagu akwai filin da Hausawan kara suke tsayar da shanu kafin a kai su mayanka, gefen layin dogo. Nan ya nufa, da ɗan karkato kaɗan, ba juyi ba. Muka wuce wayar lantarki da tazarar da ban so in tuna. Shanun suka dare biyu da kansu, masu kora suka watsar da sanduna. Ƙafafun baya suka taɓa, muka yi tsalle, suka sake taɓawa, taɓo ya yi ta feshi a gilashi, sannan ƙafar gaba ta nutse, jirgin ya kafa hanci a ƙasa, wutsiya ta ɗaga sama ta tsaya. Goshin Kyaftin ya fashe, likitar ta karye a wuyan hannu, ni ko ƙwarzane. Na faɗo ta ƙofar nan da na riƙe, na yi rub da ciki a cikin kashin shanu da shaddar Sallah.

Kafin mu miƙe mutanen kara sun kewaye mu, mahauta da wuƙaƙe a kugu, masu okada, 'yan talla. Wani yana tambaya da Turancin buroka, "Wetin happen?", wani yana salati, wani dillalin shanu da ya san ni ya riƙe kai ya ce, "Haladu, kai ne ka faɗo daga sama?" Kyaftin ya zauna a kan wani turke, jini yana bin gemunsa, ya sa aka kawo masa kwalbar lemo da ba komai a ciki. Ya miƙa hannu ƙarƙashin fiffike ya tsiyayo. Ya ɗaga ta a haske. Fiye da rabinta fari ne tas. Bai dube ni ba, kuma rashin duban nan ya fi mari zafi.

Aka kafa kwamitin bincike. A asibiti, da na je gaishe da Kyaftin, ya sa aka ba mu wuri.

"Na gaya musu ban duba mai ba, kuma ban tambayi kowa ba," in ji shi. "Jirgi nawa ne, duba aiki nawa ne. Kai ka yi shiru. Kana da yara biyar."

"Za su karɓe maka lasin, Kyaftin."

"Za su karɓa. Na ce ka yi shiru."

Na yi shirun kwana goma sha ɗaya. Ina zuwa aiki, ana nuna ni ana cewa ga wanda Allah Ya tsamo, ana ba ni hannu. A unguwa har sadaka aka yi. Abinci ya daina wuce min. Kuma kar ku ɗauka tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni sukuni, a'a, har da wani abu mai kama da kishi: mutumin nan ya tura hancin jirgi ƙasa don ya cece mu, yanzu kuma ya sake tura kansa ƙasa, ni ina tsaye a gefe da tsabtatacciyar riga. Ranar ta goma sha biyu da hantsi uwarku tana tsince shinkafa, na zauna kusa da ita na gaya mata komai, har maganar shadda. Ta ɗago daga farantin.

"Don kar ta ɓaci?" ta ce.

"Don kar ta ɓaci."

"Ni na ce ka yi hankali da ita."

"Ba ke kika ce kar in duba ba, Tabawa."

Ta ajiye farantin. "To ka tashi ka je ka faɗa musu. In sun kore ka, ina da hannu, zan soya ƙosai. Amma ba zan iya zama da mutumin da wani yake ɗaukar masa kaya yana kallo ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Su ka gaya wa. Unguwa kuwa kar ta ji, ka bar min ita. Akwai waɗanda jirgin nan ya bi ta kan 'ya'yansu."

Na je. Mutum huɗu ne a bayan tebur, ba mai jin Hausa a cikinsu, aka kira wani ma'aikaci ya yi tafinta. Da na kai wurin tambayar da amsar, tafintan ya tsaya yana sosa ƙeya, domin a Turanci ruwan sama da ruwan kwalba ba sunansu ɗaya ba. Ya yi ta bayani, har ɗayansu ya fara dariya, ya ce ashe kuskuren harshe ne, abin tausayi. Na ga ƙofa ta buɗe min, in na so in fita ta nan da mutuncina. Na ce wa tafinta ya gaya musu ba kuskuren harshe ba ne kaɗai, na gane abin da yake nufi kafin in shiga, na ƙyale. Dariyar ta tsaya. Aka rubuta. Shi Kyaftin aka dakatar da shi na wani lokaci, saboda duk da haka da idonsa ya kamata ya ga kwalbar, amma ba a raba shi da lasin ba, ya koma tuƙi har ya yi ritaya. Ni aka ba ni takarda, a ciki an rubuta cewa an sallame ni kan abin da ya shafi mai. Wanda ya karanta min ita a unguwa bai iya riƙe baki ba, kafin Juma'a na zama ɓarawo. Daga nan na koma ɗaukar buhun albasa a kasuwar Mile 12, uwarku ta kafa kaskonta a bakin layi, sauran kuma kun san shi, da shi kuka girma.

Ranar da na karɓi takardar, Kyaftin ya biyo ni har bakin get da filasta a goshi. Ransa a ɓace yake, karo na farko da na ga haka.

"Kai Bakatsine ba ka jin magana," ya ce.

"Ba na ji, ranka ya daɗe. Amma ina da tambaya. Filin nan yana bayanmu, ba kowa a kai. Me ya hana ka komawa?"

Ya dube ni, ya sauke numfashi. Ya buɗe tafin hannunsa ya mai da shi jirgi, ya karkata shi.

"Jirgi da ba inji, in ka juya shi, yana zubar da tsawo. Mu ba mu da tsawo. Mutane da yawa sun mutu a wannan juyi, don ido yana ganin fili, zuciya yana so gida. Da na juya, ba za mu kai rabi ba, fiffike zai faɗi, mu sauka da kai." Ya nuna can wajen unguwa. "Na duba wurin da za mu faɗi. Akwai masallaci mai koren rufi, da gidaje a bayansa. Na ga yara a tsakar wani gida suna tsalle."

Bai san layinmu ba, bai taɓa zuwa gidana ba, kuma ban gaya masa ba. Na yi masa godiya, na hau danfo. Da na iso na tarar da ku biyar ɗin a kan tabarma kun kewaye faranti ɗaya, kuna rigima a kan wa ya ci tsokar wa, Hadiza tana yanke shari'a da cokali. Na zauna a dokin ƙofa da takardar kora a hannu, ina kallonku ɗaya bayan ɗaya, na kasa shiga. Ku yafe min. Ban taɓa iya gaya muku a fuska ba.